Gashin Mato a Cikin Kwalba

A Ollelewa, idan an ce wanzami, to Barmo ake nufi. Ya gaji aska daga ubansa, kuma rabin mazan garin shi ya yi musu askin suna, shi ya yi musu kaciya. Wurin zamansa gindin wata aduwa ce a bakin kasuwa, inda yake shimfiɗa tabarma ya ajiye zabirarsa. Ba kaifin askarsa kaɗai ya sa mutane suka saki jiki da shi ba. Barmo ba ya wasa da gashin mutane. Duk wanda ya aske, sai ya tattara gashin a gefen tabarma, idan rana ta yi sanyi ya haƙa rami ya binne, haka ma jinin ƙaho. Kowa ya san abin da mugu zai iya yi da gashin mutum idan ya shiga hannunsa.

Da daminar shekarar 1965 Yahuza ɗan Lantana ya zo hutu daga Dakar, inda gwamnati ta tura shi karatun likita. Ubansa Manzo ya daɗe da rasuwa, Lantana ce ta yi ta fama da shi har lakwal, wato makarantar boko, ta ɗauke shi zuwa Tanut, daga can Damagaram, daga can inda ba wanda ya taɓa zuwa a garin. Da can idan ya zo hutu yakan zauna cikin samari ya yi ta ba su labarin teku. Wannan karon ya zo da wani akwatin katako da bai bar kowa ya sauke masa ba, ya shige ɗakin ubansa, ya rufe ƙofa.

Ranar kasuwa ce ya zo gindin aduwa. Barmo yana tsakiyar aske Mato, wani manomi kakkarfa wanda ya auri Fatu bara. Fatun nan kuwa, tun suna yara kowa ya ɗauka ta Yahuza ce, sai dai karatu ya yi tsawo, ita kuma ta ga Mato ta ce shi take so. Yahuza ya durƙusa ya gai da Barmo, ya gai da Mato, Mato ya amsa ba tare da ya ɗaga kai ba, don aska tana kan ƙeyarsa. Da aka gama ya tashi ya shiga kasuwa.

"Baba Barmo, alfarma nake nema," in ji Yahuza. "Ka ɗan ba ni gashi kaɗan."

Barmo ya daina wasa askar. "Gashin wa?"

"Na kowa ma. Karatu ne."

"Karatu da gashi? Ni na san ana karatu da allo, ku kuma na ji da takarda kuke naku."

"Wani abu nake so in gwada."

"To ka gwada da naka, ɗana. Wannan amanar mutane ce."

Yahuza ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce haka ne. Bai tashi ba. Ana cikin haka sai wani raƙumi ya tsinke igiya ya faɗa rumfar masu gishiri, kasuwa ta ruɗe, Barmo ya miƙe ya je ya taya kamawa. Da ya dawo Yahuza ba ya nan. Ya dubi tarin gashin da ke gefen tabarma, sai ya ga kamar an tsoma yatsu a samansa. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Iska tana iya yin haka, akuya ma tana iya. Amma gashin da ke sama na Mato ne, shi ne na ƙarshe da ya aske.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya binne sauran, ya tafi gida.

Ba a daɗe ba aka ce Mato ba shi da lafiya. Ya tashi da safe idanunsa sun kumbura kamar wanda zuma ta harba, bayan kwana biyu ƙafafunsa suka cika, ya kasa sa takalmi, ya kasa zuwa noma alhali gero yana tsakiyar neman hannu. Uwarsa Hajjo ta zo har gindin aduwa, abin da mace ba ta saba yi ba, ta tsaya nesa kaɗan ta ja mayafi.

"Wanzam, ka aske ɗana ranar kasuwa?"

"Na aske shi."

"Ina gashin?"

"Na binne, kamar kullum."

"An ce mini ɗan Lantana yana zaune wurinka ranar."

"Ya zo gaisuwa."

Hajjo ta dube shi har ya sunkuyar da kai kan zabira, sannan ta juya ta tafi. Barmo ya bi ta da kallo. Abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, amma shi ya san ba gaskiya ba ne gaba ɗaya.

Daga ranar ya fara kasa kunne. Wanzami ba ya buƙatar tambaya, mutane su suke kawo masa magana da kawunansu. Sani mahauci ya ce Yahuza ya zo da kwalba ya tari jinin rago, kuma ya roƙi a kankare masa ƙaho da kofato. Bintu mai nono ta gaya wa Balki, matar Barmo, cewa kullum sai ya sayi madara sabuwar tatsa, ba don fura ba, ta leƙa ta gan shi yana ɗiga mata wani ruwa tana tsinkewa nan take. Maƙwabta suka ce da hantsi ƙaurin gashi yana fitowa daga ɗakin Manzo. Wata ta ce ta hango igiyoyi masu ƙulle-ƙulle a rataye.

"Ka je wurin Maigari mana," in ji Balki, tana zuba masa ruwan wanke hannu.

Barmo ya girgiza kai. Shekarar nan ba ta kai ƙara ba ce. Jandarma suna yawo ƙauye-ƙauye suna neman mutanen da aka ce sun shigo daga waje da makamai, kuma duk wanda ya zo daga nesa da akwati a rufe, idan sunansa ya kai Tanut, Allah kaɗai ya san ranar dawowarsa. Idan yaron nan mugunta yake yi, to ya cancanci abin da ya same shi. Idan kuma ba ita yake yi ba? Barmo ya tuna shi jariri a hannun ungozoma, kansa bai kai girman ƙwarya ƙarama ba. Amma ya tuna kuma murmushin nan na ranar kasuwa. Yaro ya yi shekaru cikin mutanen da ba a san addininsu ba, wa ya san abin da suka cusa masa?

Washegari da hantsi ya rataya zabira ya nufi gidan Lantana, kamar mai zuwa yin ƙaho. Ya same ta tana surfe. Ta yi masa sannu da zuwa, amma da ya tambayi Yahuza sai ta ajiye taɓarya ta rage murya.

"Yana ciki. Ni ma ba ya barina in shiga, Wanzam. Abinci a bakin ƙofa nake ajiyewa. Na tambaye shi ko wani abu ya same shi a can, ya ce babu. Mata sun daina tsayawa kusa da ni a rijiya."

Barmo bai yi sallama sau biyu ba, ya tura ƙofar.

Wari ne ya fara tarbarsa, na ƙonannen gashi da wani mai kama da na barasa. A kan akwatin katako akwai wata 'yar fitila mai wuta shuɗiya, da ƙananan kwalabe sirara jere cikin ramukan da aka huda a wani katako: wata ja, wata fara, wata ruwan ƙasa. Daga azara kuma igiyoyi ne suke reto, an zura musu ƙwallayen aduwa da na magarya da na kurna da wake da tsakiya, wasu a miƙe, wasu an murɗe su, wasu an cukurkuɗe su sun zama dunƙule. Barmo ya yi a'uziyya a fili.

Yahuza ya zabura ya miƙe. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Baba…"

"Zauna. Mene ne wannan?"

"Karatu ne, wallahi."

"Ka faɗa mini haka a kasuwa. Yanzu Mato yana kwance ya kumbura kamar salka, uwarsa ta zo tana tambayata gashinsa. Ko ka yi mini bayanin da zan gane, ko in fita daga nan in wuce wurin Maigari."

Yahuza ya leƙa waje ya ga uwarsa ta koma bakin turmi, sannan ya ce a hankali, "Na faɗi jarrabawa, Baba. Fanni guda. Idan na koma za su sake gwada ni, idan na sake faɗuwa sun kore ni ke nan. Inna ba ta sani ba. Duk garin nan ana ce mata uwar likita, da wane baki zan gaya mata?"

Barmo ya auna maganar. Magana ce mai kama da gaskiya, amma mai sammu ma ba ya rasa magana mai kama da gaskiya.

Yahuza ya ciro igiya ɗaya. Ya ce fannin da ya faɗi na wani abu ne da Nasara suke kira furotin, wanda da shi aka gina mafi yawan jikin mutum da na dabba, in an cire ruwa. Ya ce kowane furotin kamar wannan igiyar yake, ƙananan abubuwa ne aka jera ɗaya bayan ɗaya, iri ashirin ne, ana ce musu asid amine, shi ya sa ya nemi ƙwallaye iri-iri don kowane ya tsaya a madadin ɗaya.

"Yadda aka jera su shi ne matakin farko. Ka sauya wurin guda ɗaya, abin yana iya lalacewa. Sannan igiyar tana murɗewa haka," ya naɗe ta a kan kara, "mataki na biyu ke nan. Sannan murɗaɗɗiyar ta sake naɗewa ta dunƙule, na uku. Wani lokaci dunƙule da dunƙule su haɗu su yi aiki tare, kamar wanda yake sa jini ja, shi huɗu ne a haɗe, kuma da ƙarfe a cikinsa. A takarda na kasa riƙe su, sai da na yi su da hannuna."

"To jinin rago fa? Da ƙaho?"

"Kashi biyu ne manya. Akwai masu kama da zare, dogaye, masu tauri, ba sa narkewa a ruwa: gashi, farce, ƙaho, kofato, jijiya. Ƙahon da kake tsotsar jini da shi da gashin da kake askewa, kusan abu ɗaya ne, shi ya sa ƙaurinsu ɗaya idan sun ƙone. Akwai kuma dunƙulallu, masu narkewa a ruwa, irin na farin ƙwai da na jini. Duba."

Ya zuba farin ƙwan zabo cikin ruwa a kwalba, ya girgiza, ruwan ya tsaya garau. Ya riƙe ta da ƙarfe a kan wutar. Kafin ruwan ya tafasa sai ya yi fari, ya yi gudaji.

"Zafi ya warware dunƙulen, igiyoyin sun sarƙe da juna. Ba za su koma yadda suke ba."

Barmo ya sha ganin dafaffen ƙwai, bai ga abin mamaki ba. Idonsa yana kan wata kwalba a ƙarshen jeri, mai ruwa kamar na jiƙo.

"Wancan fa?"

"Gashi ne. Ruwa ba ya narkar da shi, sai da soda mai ƙarfi da wuta."

"Na wa?"

Yahuza ya cire hula ya nuna inda ya yanki nasa, ya ce akwai na rago da na raƙumi.

"Ka rantse da Allah ba ka taɓa tarin da ke gefen tabarmata ba."

Yahuza ya dubi kwalbar. Daga waje ana jin taɓaryar Lantana.

"Na ɗiba kaɗan," ya ce. "Na so in gwada na wani ba nawa ba. Ban yi tunanin na wane ne ba."

"Ba ni shi."

"Ya narke, Baba. Shi ne wancan."

Barmo ya ja da baya. Ya zauna a kan gadon kara. Gashin mutum, wanda aka ba shi amana, an dafa shi a kwalba a ɗakin tsohon saurayin matar mai gashin, mutumin kuma yana kwance. Ko a gaban alƙali, wannan ya isa.

Yahuza kuwa sai ya fara tambaya: kumburin daga fuska ya fara ko daga ƙafa? Fitsarinsa yana kumfa? Ya yi ciwon maƙogwaro ko wani miki kwanan baya? Barmo ya san Mato ya yi fama da gyambo a ƙwauri tun shuka. Yahuza ya ce yana zaton ƙoda ce. Ya ce a cikin jini akwai wani furotin ɗan'uwan na farin ƙwai, ƙoda mai lafiya tana tsare shi, idan ta lalace sai ya riƙa zuba cikin fitsari, ruwa kuma ya taru a jiki.

"Idan na sami fitsarinsa na ɗora a wuta, za mu gani."

Barmo ya yi wata dariya mara daɗi. "Ka ɗauki gashinsa, yanzu kuma fitsarinsa kake so?"

"Kar ka bari in taɓa. Kai ka riƙe. Ka fara da naka."

Barmo ya dubi kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zaɓi kwalba da kansa, ya wanke ta da ruwan randar Lantana, ya zaga bayan ɗaki. Ya riƙe ta a kan wutar har ta tafasa. Ba abin da ya sauya.

Bayan azahar suka shiga gidan su Mato. Hajjo tana ganin wanda ke bayan Barmo ta miƙe ta tare hanya. Hamma, wan Mato, ya fito daga rumfa, maƙwabta suka fara leƙe ta kan danga. Fatu ta shige ɗaki ba ta sake fitowa ba.

"Wanzam, kafin ya ƙara taku ɗaya," in ji Hajjo. "Gashin ɗana yana wurinsa ko ba ya wurinsa?"

Barmo ya yi niyyar kewaye maganar, amma ya ga idanun da ke kan danga. "Ya ɗiba," ya ce. "Ya ce bai san na wane ne ba."

"Kai ka ce mini ka binne."

"Na binne abin da ya rage."

Hajjo ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Hamma ya ɗauki sanda. Barmo ya shiga tsakani yana magana da sauri, yana faɗin abin da suka zo yi, cewa yaron ba zai taɓa kome ba, shi da hannunsa zai yi. Hajjo ta ce ko gawarta aka taka ba za a yi ba. Mato ne daga kan tabarma, da murya kamar ta tsoho, ya ce, "Inna, a ba shi. In ya riga ya kama ni, me ya rage da zai kama?"

Aka kawo fitsarin Mato a kwalba, Barmo ya tsuguna a tsakar gida, ya riƙe ta a kan wuta. Yahuza yana tsaye nesa, hannayensa a baya. Tun kafin ta tafasa wani farin gajimare ya taso a ciki, ya yi kauri, ya fara sauka ƙasa gudaji-gudaji. Barmo ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Ƙoda ce," in ji Yahuza. "A kai shi asibitin Damagaram, kar a jira. Kar a yi masa ƙaho, kar a ba shi gishiri ko kanwa."

"Ga abin da ya sa masa nan ya fito fili!" in ji Hajjo. "Kun gani da idonku!"

Wasu a kan danga suka ce haka ne. Barmo ya dubi kwalbar. Ya ga nasa bai yi haka ba, wannan ya tabbata. Amma nasa gashin ba wanda ya dafa shi.

Hamma ya daɗe yana kallon ƙafafun ƙanensa. Sannan ya jefar da sandar, ya ce shi bai san wanda ke da gaskiya ba, amma an yi rubutu an yi hayaƙi ba sauƙi, gobe zai ɗora shi a kan takarkari zuwa bakin hanya su jira kamyo, babbar motar kaya. Ya juya wurin Yahuza ya ce idan Mato bai dawo da ƙafarsa ba, kar ya sake ya kwana a Ollelewa.

Labarin bai kai Tanut ba, domin Maigari ya kira Hajjo ya roƙe ta ta jira. Amma garin ya rabu. Kasuwar da ta biyo baya mutum kaɗan ne suka zauna a tabarmar Barmo, dangin Hajjo kuwa suka koma wurin wani wanzami a ƙauyen gaba.

Yahuza ya zo sallama ranar da zai koma, tun Mato yana asibiti. Ya ce ya gaya wa uwarsa maganar jarrabawar, ta yi kuka, amma ta ce ta fi son wannan a kan abin da take tsoro. Barmo ya saurare shi yana wasa aska.

"Tambaya ɗaya, ɗana. Ka san na Mato ne?"

"Na gan shi a ƙarƙashin askarka, Baba. Amma lokacin da na miƙa hannu, gashi kawai nake gani."

Barmo ya dube shi sosai. Ya san fuskar nan tun tana da kwana bakwai, amma ya kasa karanta ta. Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Mato ya dawo bayan an gama yankan gero, kumburin ya saɓe, ya rame, amma da ƙafarsa ya shigo gari. Ya ce a asibiti ma sun dafa fitsarinsa a kwalba, sun ce ƙoda ce, sun hana shi gishiri. Hajjo ta ce ai dole, asiri ya tonu mai shi ya kwance abinsa. Ba ta sake amsa gaisuwar Lantana ba, kuma mata da yawa suka bi bayanta.

Balki ta taɓa tambayar Barmo shi wanne ya yarda da shi. Ya ce ƙodar dai ƙoda ce, wannan ya gani. Ta ce to yaron fa? Ya ce ta miƙo masa buta, lokacin salla ya yi.

Da bazara wani direban kamyo ya kawo saƙo cewa Yahuza ya ci jarrabawarsa, amma ba zai zo hutu ba, zai yi aiki a wani asibiti. Kafin ruwan farko ya sauka Lantana ta ba wani ƙanen mijinta aron gonarta, ta ɗaure kayanta za ta koma wurin wanta a Damagaram. Mata biyu ne kawai suka fito rakiya. Barmo ya ɗauki buhun geronta ya ɗora a kan jaki, ya kora shi har bakin hanya, ya zauna tare da ita a inuwar wata ƙaya har mota ta zo.